Allura Mai Ƙofa Uku

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman kaɗaici a garin mutane? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana gaishe ki, idonta ya yi sauƙi tun da aka canza mata tabarau. Baban yara ma yana gaishe ki. 'Yata takwararki ta shiga shekara ta biyu a kwaleji, kullum kanta na cikin littafi, ta ce in tuna miki da hoton ɗakinki da kika yi mata alkawari.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar da ke tafe da ni ba ta waya ba ce. Kin dai san gidan nan, in na yi tari a ɗaki sai an ce min sannu daga kicin.

An mayar da ajina hawa na sama a makaranta. Kullum da safe sai na tsaya a tsakiyar matakala ina lalube a jaka kamar na manta wani abu, alhali numfashi nake nema. Yara sun gane. Yanzu in sun zo wucewa sai su ce, "Malama, a karɓa miki jakar?" Ladabi ne, amma yana sukana.

Satin da ya wuce kuma muna taron malamai, kujerar roba ta baje da ni. Sai ga ni a ƙasa, ƙafa ɗaya a sama, takalmi ya yi nasa wuri. Kowa ya kawar da kai. Malamin lissafi ya kama tari, irin tarin da ake rufe dariya da shi. Washegari na tarar an kawo wata kujerar ƙarfe an ajiye a gefen taga. Ba wanda ya ce tawa ce, ba kuma wanda ya zauna a kanta. Na fi son a ce sun yi dariyar a gabana an wuce wurin.

Na je asibiti saboda gwiwa. Likita ya ce gwiwar ba ta da laifi, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta. Ya ce suga yana bakin ƙofa, jinin ma ya fara hawa. "Ki rage nauyi," in ji shi, yana magana tumbinsa na gogar tebur.

To Auta, ke ce kika taɓa ce min a wurin aikinku kuna gwada wasu allurai na rage ƙiba. Ki yi min bayani kamar yadda za ki yi wa ɗalibi: kala nawa ne, wanne ya fi? In da hali ki aiko min ta hannun duk wanda zai zo. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da kika tafi. Yau na roƙa.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na ji daɗin labarin idon Inna. Ki gaishe min da ita da kyau, da Baban yara, da takwarata. Hoton yana cikin wannan ambulan, kada ta yi dariyar ƙanƙantar ɗakin.

Maganar kujera ta ɓata min rai ƙwarai. Da ina nan da malamin lissafin nan ya haɗiye tarinsa.

Ga bayanin da kika nema. In mutum ya ci abinci, hanjinsa yana sakin wasu sinadarai da ke zuwa su shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Alluran nan kwaikwayon waɗannan 'yan saƙo ne, likitoci suna kiran irinsu feftayid. Ki ɗauka jiki gida ne mai ƙofofi. Akwai allurar da ke buga ƙofa ɗaya, irinta ta daɗe a hannun likitoci. Mu kuma guda biyu sababbi muke gwadawa, waɗanda ba a ba su izinin fita ba tukuna. Ɗaya tana buga ƙofa biyu: ta kashe yunwa, ta kuma gyara yadda jiki ke sarrafa suga. Ɗayar tana buga uku, ta ƙara da sa jiki ya riƙa ƙona abin da ya tara. An raba mutanenmu gida biyu, kowane gida da allurarsa, a ga wacce ta fi rage nauyi, wacce kuma ta fi wahalar da mutum. Ni aikina in yi musu allurar sau ɗaya a mako, in ɗora su a sikeli, in ɗebi jini, in tambaye su amai da ciwon ciki.

Ba a gaya mana wa ke karɓar wacce, don kada son rai ya shiga. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Akwai wani direban babbar mota da ya zo mana ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi, yanzu ya huda sababbin ramuka a bel ɗinsa har ya gaji. Duk muna zaton mai ƙofa uku yake samu. Da ni za a ce in zaɓa, in an gama gwaji an tabbatar da lafiyarta, mai ƙofa uku zan ɗauka.

Aikowa kuwa, Yaya, ba zai yiwu ba. Suna cikin firij mai makulli, mutum biyu ke buɗewa, ko fankon kwalba sai an mayar. Ko da ma a buɗe suke ba zan ba ki ba. Mutanen nan da kaɗan ake fara musu, ana ƙarawa a hankali, likita yana duba jininsu kowane zuwa. Duk da haka wasu sun sha wuya, wasu sun ce sun fasa.

Ki koma wurin likitanki ki tambaye shi mai ƙofa ɗayar nan da aka riga aka yarda da ita. Kafin nan ki ɗan rage cin dare, ki riƙa taka ƙafa da yamma ko zagayen layi ne. Haƙuri, Yaya.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Inna ta amsa gaisuwa. Takwararki ta manna hoton a jikin madubinta.

Na karanta takardarki har ƙarshe. Da na zo wurin "ki ɗan rage cin dare" sai na ajiye na yi dariya ni kaɗai. Ashe maganin yana nan kusa ban sani ba! Shekara da shekaru ina fama, ashe cin dare ne. Allah ya saka da alheri, likita.

Auta, a tukunya ɗaya aka zuba mana ni da ke. Ke kike sace naman kwanona, ke kike neman ƙari, aka wayi gari ke kamar tsinke ni kamar randa. Wane ganye ne ban dafa na sha ba? Wane shayi ne ban saya ba? Na yi wata da watanni ba na cin komai bayan la'asar, har jiri ya kusa kayar da ni a gaban allo. Na rage kaɗan, ya dawo da 'yan rakiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke da kike ɗora masu ƙiba a sikeli kullum, na zaci ko ba ki ji a jikinki ba kin gani da idonki.

Na koma wurin likitan kamar yadda kika ce. Ya ce ya san allurar, amma asibitinsu ba ta zuwa, in ma ta zo ba irina ake ba wa ba, sai wanda sugan ya riga ya kama. Wato in je in jira ciwon ya shigo ɗaki ya zauna, sannan in dawo. Ke kin ce in jira a gama gwaji, shi ya ce in jira in kamu. Kowa jira yake ba ni, kamar gwiwata ta san wani abu jira.

Kin tuna matar nan mai shagon gyaran gashi ta bakin titinmu, wadda ke cika ƙofar shagonta in ta tsaya? Na je wanke kai ban gane ta ba, sai da ta yi magana. Mun daɗe muna hira.

Ba komai. Ba na so ki rasa aikinki saboda ni, kada ki ƙara tunanin maganar aike. Bayaninki ya shige ni sarai, na ji zaɓinki, na kuma ɗauka.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki yafe min jinkirin amsa, aiki ne ya taso mu a gaba.

Maganar cin dare kuskurena ne, bakin ma'aikaciyar asibiti ne ya riga na ƙanwa fita. Na san ba ci ne ya yi miki yawa ba, aikin nan ma abin da yake koya mana ke nan. Amma hankalina ya kwanta da kika ce kin ɗauki shawarata. Jiran yana da ɗaci, na sani, sai dai shi ne hanya. Zan tambayi babbar likitarmu ko ta san wani a kusa da ku da zai duba ki da kyau.

Direban nan da na ba ki labari yana kwance. Amai ya tsananta masa, ya ɓoye mana don kada a cire shi daga gwajin, sai da ya faɗi a wurin lodi. Ya farfaɗo, amma an dakatar da shi, an kuma rage wa wasu yawan abin da ake ba su. Kin ga abin da nake faɗa: ƙarfin da ke sa ta aiki shi ne kuma haɗarinta.

An tura ni wani reshen namu a wani gari in taya su aiki na ɗan lokaci, ma'aikaciyarsu ta haihu. In kin rubuto, takardar za ta jira ni a gida. Ki shafa min kan takwarata.

Auta.

*

Autata,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Inna tana gaishe ki. Takardarki ta zo, Allah ya ba direbanku lafiya. Shi ma da gangancinsa, mutum yana jan babbar mota ai dole ya ci abinci.

Albishirinki! Jiya na hau matakalar makaranta tun daga ƙasa har ajina ban buɗe jaka ba. Na kai riguna wurin tela ya rage su, yana aunawa yana kallona yana cewa, "Malama, lafiya dai ko?" Na ce lafiya ce ta kawo haka. Malamin lissafi da kansa ya ja min kujerar roba a ɗakin malamai, na zauna daram, ko ƙara ba ta yi ba. Baban yara kuwa, wanda rabonsa da ya dube ni sau biyu har na manta, ran nan ina shirin fita ya ce, "Wannan rigar sabuwa ce?" Rigar da ta girmi ɗan autanmu.

Yanzu sai in faɗa miki, tunda abin ya yi kyau. Mai ƙofa ukun nan da kika zaɓa, ita nake yi. Mai gyaran gashi ke kawowa, wani ne ke aiko mata daga waje. Gari ne fari a 'yar kwalba, ana zuba masa ruwan allura a girgiza. An rubuta a jiki wai ba don mutane ba ne, don bincike ne, ta ce haka suke rubutawa saboda 'yan kwastan a kan iyaka. Da na gaya mata ƙanwata tana aiki a inda ake gwada ta, kuma ita ta ce ta fi, sai ta rungume ni. Yanzu duk wadda ta zo shagon sai ta ba ta labarinki. Ni nake yi wa kaina a cinya, hannuna har ya saba. Ban tsaya wannan kaɗan-kaɗan ɗin naku ba, ni ba ni da lokacin.

Akwai tashin zuciya, ba zan ɓoye miki ba. Ƙanshin suya ma kora ni yake daga kicin. Cokali biyu na shinkafa sai in ji kamar na haɗiyi dutse. Amma ai shaidar tana aiki ke nan.

Sai maganar takwararki. Kin san jikina ta ɗauko, ba naki ba, sunan kawai ta ci. Ran nan ta dawo daga kwaleji ta shige ɗaki ta rufe. Da na matsa mata sai ta ce a motar haya yaron mota ya ce ta biya kuɗin mutum biyu, mota duka aka yi dariya, har da 'yan ajinsu. Auta, na ga kaina a fuskar yarinyar nan. Na ce wallahi ba za ta sha abin da na sha ba alhali maganin yana cikin firij ɗina bayan robar madara. Na fara yi mata. Babanta bai sani ba, ke ma ki riƙe a cikinki.

Kin ga ashe ban sa ki cikin matsala ba, kuma na samu. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina fata wannan ta same ku da rai da lafiya, kuma da gaske nake wannan fatan.

Yau na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa, ta yi ƙura. Tun a tsaye na karanta. Na kira wayarki har na gaji ba ki ɗauka ba, ta takwarata a kashe, ta Baban yara tana ta ƙara ba amsa. Shi ya sa na ba wani abokin aikinmu da zai bi ta wajenku wannan, ya kawo hannu da hannu.

Ki daina. Ki daina yau, ke da ita. Ban zaɓar miki komai ba! Abin da ke cikin kwalbar nan ba wanda ya san shi, har ita mai gyaran gashin. Ko da a ce maganin gaske ne, ba ki san ƙarfin da ke cikin kowace kwalba ba, wata tana iya ninka wata. Mu da muke da na ainihi, da likitoci a tsaye, kin ji abin da ya sami direba. Na ba ki labarinsa don ki ji tsoro, kika ce ganganci ne.

In yarinyar nan tana amai, in ba ta iya riƙe ruwa a cikinta, in fitsarinta ya ragu, kada ki jira komai, ku tafi asibiti, ki tafi da kwalbar ki nuna musu. Kada ki ji kunyar faɗa. Kuma ki je ki ce wa matar nan ta cire sunana daga bakinta, kafin ta kashe 'yar wani da shi.

Don girman Allah ki ɗauki waya.

Auta.

*

Auta,

Abokin aikinki ya same mu. A asibiti ya same mu, maƙwabta suka kwatanta masa.

Ba sai na ce muna lafiya ba. Takwararki tana kwance. Ta yi kwanaki tana amai tana ɓoye min, don kada in daina yi mata. Ni kuma ina jin motsinta a banɗaki ina cewa a raina tana aiki. Ranar da za ta fara jarrabawa ta sa hijabi ta ɗauki jaka, ta kai bakin ƙofa ta zube. Likitoci sun ce ruwan jikinta ya ƙare har ƙodarta ta tsaya. An sa mata wata roba a wuya, ana haɗa ta da injin wankin ƙoda. Ina zaune ina kallon jinin 'yata yana fita ta wannan igiya yana komawa ta waccan.

Wata likita ta tambaye ni me yarinyar ta sha. Baban yara yana tsaye. Na fito da kwalbar daga jaka. Ta juya ta, ta karanta rubutun jiki, ta ce, "Ke kika yi mata da hannunki?" Na ce ni ce. Ta ce, "Kuma aikin me kike yi?" Na ce koyarwa. Ta ajiye kwalbar ta koma kan yarinyar. Baban yara ya fita, tun daga ranar in zai yi min magana sai dai ya ce wa Inna, "A gaya mata."

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba don na san abin da za ki ce, ga shi kuma kin rubuto shi. "Ban zaɓar miki komai ba." Takardarki tana nan a jakata, da rubutun hannunki: mai ƙofa uku zan ɗauka. Ni ban san wata ƙofa ba kafin ki koya min. Kin ɗauko abinci kin gilma wa mayunwaci ta hanci, kin ba shi labarin direba da bel ɗinsa, sannan kin rufe tukunya kin ce ya yi haƙuri. Me kika zaci zai yi?

Ki yi mata addu'a. Sunanki gare ta.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ina samun labari wurin Baban yara, shi yana ɗaukar wayata. Ya ce ƙodar ta fara aiki da kanta, an cire robar wuyan. Alhamdu lillahi. Na yi kuka a gaban mutane ranar da ya faɗa min.

Na yi niyyar in yi shiru da maganar takarda, amma ba zan iya ba. Ki fito da ita daga jakar ki karanta layin tun daga farkonsa. Na ce in an gama gwaji an tabbatar da lafiyarta. Kin yanke kan maganar kin riƙe wutsiyar. Ke malama ce, in ɗalibi ya yi miki haka jan biro za ki sa masa. Na yarda, da na san inda zancen zai kai, da ban ba ki labarin kowa ba, da na ce miki ban sani ba kawai. Wannan zai daɗe yana cina. Amma sirinjin ba a hannuna yake ba.

Kuma na tambayi kaina, da kika rubuto "na ɗauka", me ya hana ni in ce me kika ɗauka? Na karanta abin da nake so in ji, na ninke takarda na tafi aiki.

An rufe gwajinmu. An buɗe sunaye, direban mai ƙofa uku yake samu kamar yadda muka zata. Ita ce ta fi rage nauyi, ita ce kuma ta fi sa mutane amai da barin gwajin. Mai ƙofa biyu ta bi a hankali, mutanenta sun fi jurewa. Babbar likitarmu ta ce sai an ƙara wani gwajin mai faɗi kafin a san wa ya dace da wacce. An yi ɗan biki a ofis, an yanka kek, ana tafi. Na riƙe nawa a faranti har aka watse.

Yanzu an ba ni hutu. Ina so in zo. Ki ce min in zo.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida. Inna tana nan, ta rame don zaman asibiti, tana gaishe ki. Takwararki tana tafiya da ƙafarta, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Za a riƙa duba ƙodar lokaci-lokaci, likitar ta ce ta tashi amma ba za ta koma kamar da ba, kada ta yi wasa da ruwa, kada ta sha magani barkatai har iyakar rayuwarta. Shekarar karatun nan ta tafi, sai dai ta maimaita.

Na fito da takardar na karanta. Layin yana nan yadda kika faɗa. Tun ranar farko ma na gan shi, ba makanta ce ta same ni ba. Na tsallake shi ne kamar yadda ake tsallake kwata in ana sauri. Kin ci wannan shari'ar, ki haɗa da kek ɗinki. Ina taya ku murna, allurarku ta yi ta ɗaya. Kafin ta iso inda muke, wataƙila sai dai a yi wa jikokina.

Mai gyaran gashi ta rufe shago, an ce ta koma wurin danginta. Ni kuma tun da na daina, yunwa ta dawo kamar wadda aka ɗaure ta tsinke igiya. Rigunan da tela ya rage sun fara kama ni a hammata. Baban yara ya fara min magana, amma irin wadda ake yi wa mai haya.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. 'Yan dubiya sun yi ta zuwa, dangi da maƙwabta da ƙawayenta na kwaleji. Yarinyar tana zaune a falo, wuya duk ƙashi, ga tabon roba, idanu sun faɗa. Kowacce ta shigo sai ta ce sannu da jiki, sannan ta ƙara da, "Amma fa kin yi kyau! Kin ga yadda kika koma kuwa?" Har da matar ƙanin Babanta, wadda ta san komai, cewa ta yi, "Wani hanin ga Allah baiwa ne." Ina kallon yarinyar nan, sai na ga tana murmushi. Da suka tafi ta shiga ɗaki ta daɗe a gaban madubi tana juyawa.

Washegari ina wanke-wanke ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, "Mama, sauran na firij ɗin fa?" Na ce me za ki yi da su? Ta ce, "Kaɗan zan riƙa yi. Wancan karon yawa aka yi. Ai Anti ma ta ce da kaɗan ake farawa." Ashe ta karanta takardunki duka.

Na buɗe firij na kwaso su. Na kira ta ta matso. A gabanta na fasa su ɗaya bayan ɗaya a cikin wurin wanke kwanuka, na sakar musu famfo, kwalba ta yanke ni a yatsa ban ma ji ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya har ruwan ya tafi da komai, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke kin samu naki kin ji yadda ake ji. Nawa ne kika fasa."

Tun ranar ba ta ƙara cin abin da na dafa ba, sai wanda Inna ta zuba mata.

Kin ce in ce ki zo. Ki zo, amma ba don ni ba, ni da ke sai a hankali. Ki zo don ita. Wataƙila ta ji maganarki, tunda ke ba ki taɓa karya kujera ba. Kada ki kawo tsaraba. In kin iso ki ƙwanƙwasa ɗakinta da kanki, ni ba ta buɗe min.

Yayarki.